Dattijon da ya shekara 59 yana tsaron gida: labarin Dick LeBeau

Gaisuwa ga na ruga da ke zaune bakin garke da rediyo a gefe, da na tasha masu jiran a gama lodi, da ku da dare ya riska a bakin iyaka kuna jiran gari ya waye a duba takardu. Ya dabbobi, ya kasuwa, ya ƙoƙari? Allah ya sa mu dace.

A wannan mako mun ɗan ajiye maganar farashi da ta rigakafin dabbobi, za mu leƙa Amurka. Na san wani zai ce, malam, ina ruwanmu da wasan da ko a talabijin ba mu cika ganinsa ba? To ku ba ni aron hankalinku. Labarin wani dattijo ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan sana'ar da kuka fi kowa saninta, wato tsaro. Duk wanda ya taɓa kwana yana gadin garke ya san yadda abin yake. Daren da ka yi aikinka daidai, gari zai waye ba wanda ya ce maka sannu, don ba abin da ya faru. Ranar da maraƙi ɗaya ya ɓata kuwa, har na ƙauyen gaba sai sun ji sunanka.

Sunan dattijon Dick LeBeau, a baki ana cewa Lebo. An haife shi ranar 9 ga Satumba 1937 a wani ƙaramin gari mai suna London a jihar Ohio, kada ku ɗauka Landan ta Ingila ce. Ya shiga babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake kira NFL, a 1959, bai fita ba sai bayan kakar wasa ta 2017. Shekara 59 ke nan a jere, 14 yana wasa, 45 yana horarwa. In ka cire 'yan shekaru kaɗan, duk a ɓangaren tsaron gida ya yi su.

Kafin mu shiga labarinsa, bari in ɗan kwatanta muku wasan, don kada mu yi tafiyar makafi. Sunansa ƙwallon ƙafa, amma da hannu aka fi yinsa, ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon ma doguwa ce mai tsini biyu. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da kuke auna atamfa da shi, wato turmi 16 da yadi 4 in an shimfiɗa su baki da baki. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama 4 su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu 4. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna biyu ya samu 3.

Kowace ƙungiya tana da 'yan hari 11 da 'yan tsaro 11, kuma ba sa zama a fili lokaci guda. In ƙwallo ta kuɓuce muku, 'yan harinku su fita duka, 'yan tsaro su shigo. Kowane ɓangare da nasa koci, a samansu kuma akwai babban koci mai riƙe da ƙungiyar baki ɗaya.

A cikin 'yan hari akwai mutum guda da komai ke hannunsa. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa. Mu kira shi madugu, tunda shi ne idon ayarin. Ƙarti 5 ne ke tsaye a gabansa suna kare shi, da yawansu sun haura kilo 130. Wasu kuma su ruga gaba su nemi sarari a jefo musu. Su 'yan tsaro aikinsu biyu ne: wasu su kutsa su kayar da madugu kafin ya jefa, wasu su ja baya su tare waɗanda za a jefa wa. Duk wannan cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 ake yinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

LeBeau ya yi wasa a Jami'ar Jihar Ohio ƙarƙashin koci Woody Hayes, yana cikin waɗanda suka zama zakarun ƙasa a 1957. A 1959 ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi, amma tun kafin a fara kaka kocinta Paul Brown ya sallame shi, bai buga musu ko wasa ɗaya na gasa ba. Yaro ɗan shekara 21 zuwa 22, an ce masa ba ka isa ba. Sai Detroit Lions ta ɗauke shi, a nan ya yi shekara 14.

Gurbinsa a can gefen fili yake, yana gadin masu gudun da ake jefa wa ƙwallo. Aiki ne mai wuya, don da baya-da-baya kake fara gudu, shi kuwa wanda kake gadi ya san inda za shi, kai ba ka sani ba. Duk da haka sau 62 LeBeau yana cafke ƙwallon da aka jefa wa wani, har yau yana cikin na gaba-gaba a tarihin gasar. Ya kuma buga wasa 171 a jere ba fashi, a wasan da ake karya ƙashi kusan kowane mako. Sai dai a gefensa akwai gwanaye masu suna irin su Dick Lane da Yale Lary da Lem Barney, hasken sunansu ya rufe nasa. Ƙungiyar ma ba ta ci kofi ba duk zamansa. A 1970 da suka kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, 'yan tsaron Detroit ba su bari Dallas ta kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, amma aka doke su 5 da 0, don 'yan harinsu ba su kawo komai ba. Kun ji rabon mai tsaro. Kai ka hana ɓarna, amma in ba a samo ba, tare za ku kwana da yunwa.

Da ya ajiye wasa bayan kakar 1972, sai ya shiga horarwa daga ƙasa. Shekara 3 a Philadelphia, 4 a Green Bay, sannan a 1980 ya sauka a Cincinnati Bengals. Wa ke riƙe da wannan ƙungiya? Paul Brown, mutumin nan da ya sallame shi shekara 21 baya. Ikon Allah ke nan. Da LeBeau mai riƙo ne, da bai je ba. Ya je, ya yi shekara 12 a zuwansa na farko, kuma daga 1984 shi ne shugaban tsaron ƙungiyar.

A nan ne ya ci karo da matsalar da ta sa ake tunawa da shi. A al'ada mutum 4 ake turawa kan madugu, 7 su tsare baya. Amma 4 da ƙyar suke keta ƙarti 5, madugu gwani kuwa in ka ba shi lokaci sai ya samu ƙofa. In ka ce bari in ƙara, ka tura 6 ko 7, to ka kwashe masu gadin baya, kowa ya rage shi kaɗai da mutuminsa. Madugu na ganin haka zai yi wuf ya jefa inda aka bari fayau. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ku masu kiwo kun san irinta: kura ta yi kuka ta gabas, samari duka suka kwashi sanduna suka bi ta, 'yar'uwarta ta shigo ta yamma. In kuma kowa ya zauna bai motsa ba, ita za ta zaɓi lokacin da ta ga dama.

A shekarun nan abin ya ƙara tsanani, saboda wani koci mai suna Bill Walsh na San Francisco 49ers ya kawo salon gajerun jifa masu sauri, madugu ya saki ƙwallo tun kafin a iso shi. Da wannan salo San Francisco ta doke Cincinnati 26 da 21 a wasan ƙarshe na gasar, wanda ake kira Super Bowl, a Janairun 1982, LeBeau na tsaye a gefen fili. Tambayar da ta hana shi barci ita ce: ta yaya za ka matsa wa madugu lamba ba tare da ka bar bayan gida a buɗe ba? Ya je ya zauna da wani tsohon hannu, Bill Arnsparger, wanda ya daɗe yana riƙe da tsaron Miami Dolphins, kuma LeBeau bai taɓa ɓoye cewa daga wurinsa ya samo bakin zaren ba.

Ga abin da ya fito da shi. Mutum 5 kawai zai tura, amma ba waɗanda madugu ke zato ba. Wani daga 'yan baya, wanda kowa ya ɗauka gadi yake, sai ya faɗo da gudu ta gefe. A daidai lokacin, ɗaya daga ƙartin gaba, wanda kowa ya san aikinsa kutsawa ne, sai ya yi taku ɗaya kamar zai shiga, ya ja da baya ya tsaya a gurbin da wancan ya bari. Shi da sauran 5 ba sa bin mutum-mutum, kowa yanki aka ba shi ya tsare, 3 a tsakiya, 3 can baya. Ku lissafa: 5 da 3 da 3, 11 cif. Shi madugu tun yana yaro an koya masa cewa inda hari ya fito, nan ne babu kowa, jefa can. Yana jefawa sai ya tarar da ƙato a tsaye. Ƙarton da aka ɗora wa kare madugu daga wancan kuma ya tsaya yana tare iska, alhali a ɗaya gefen mutum 3 sun taru a kan 2. Amurkawa suna kiran wannan dabara zone blitz, mu sai mu ce farmaki da gadin yanki. Yau da wuya ka samu ƙungiyar da ba ta amfani da wani reshe nata.

Kada ku ɗauka daga nan sai nasara. A Janairun 1989 Cincinnati ta sake haɗuwa da San Francisco a Super Bowl, wannan karon LeBeau ne shugaban tsaro. Tun farkon wasa ƙafar ɗaya daga ginshiƙansa, Tim Krumrie, ta karye. Duk da haka saura minti 3 da 'yan daƙiƙu a tashi Cincinnati na gaba 16 da 13, ƙwallo kuma tana can yadi 92 daga inda San Francisco ke so ta kai ta. Madugunsu Joe Montana ya dinga gutsurar fili kaɗan-kaɗan, sai da ya rage daƙiƙa 34 ya jefa wa John Taylor ta ƙarshe. Aka tashi 20 da 16. Wuni guda kana tsare da kaya, a bakin ƙofar gida a ƙwace. Wanda aka taɓa yi wa haka a hanya ya san ɗacinsa.

A 1992 ya koma Pittsburgh Steelers, ƙungiyar garin masana'antun ƙarfe, ƙarƙashin sabon babban koci Bill Cowher. Ku lura, ya sauka ne daga shugaban tsaro zuwa mai horar da 'yan baya kawai, wani mai suna Dom Capers ne shugaban. A can dabararsa ta samu mutanen da suka dace da ita, irin su Rod Woodson da Kevin Greene da Greg Lloyd. A 1995 aka ba shi shugabancin tsaron, suka kai Super Bowl a Janairun 1996, Dallas ta doke su 27 da 17. Karo na 3 ke nan yana isa bakin rijiya bai sha ba.

A 1997 ya koma Cincinnati. A 2000, bayan an doke su wasa 3 na farko a jere, babban kocin ya ajiye aiki, aka ɗora LeBeau. Yana da shekara 63, bayan shekara 41 a cikin gasar, ya zama mai gida. Jama'a, gaskiya ɗaya ce, abin bai yi kyau ba. A wasa 45 da ya jagoranta ya ci 12, aka doke shi 33. A kakar 2002 wasa 2 kacal suka ci cikin 16, aka sallame shi yana da shekara 65. Masu kare shi suna cewa ƙungiyar dama ta daɗe a lalace kafin ya karɓa, kuma haka ne. Amma lissafi da sunansa aka rubuta.

To a nan ne nake so mu ɗan tsaya, don wannan gaɓar ce ta sa na kawo muku labarin. Mutum ya kai shekarun hutu, ya ɗanɗani kujerar sama, an sauke shi a gaban duniya. Me ya rage masa? Da yawa gida suke komawa, su ƙare kwanansu suna ba da labarin wanda ya cuce su. A cikinmu ma akwai irin haka. Akwai wanda a da shi ke loda mota guda da kuɗinsa, jari ya karye, yanzu ya gwammace ya zauna a gida da a gan shi yana dillanci a kasuwar da aka san shi. Akwai wanda fari ko cuta ko ɓarayi suka share masa garke, kunya ta hana shi karɓar kiwon shanun wani, alhali ba wanda ya kai shi sanin makiyaya da mashaya a duk yankin. Ba na raina wannan kunya, mai ita kaɗai ya san nauyinta. Amma ilimin da ke kansa ba ya cikin abin da aka yi asara, kuma zama ne ke kashe shi.

LeBeau ya karɓi aikin mataimaki a Buffalo a 2003. A 2004 ya koma Pittsburgh, kan kujerar nan dai da ya bari bayan kakar 1996, ƙarƙashin Bill Cowher wanda ya girme wa da kusan shekara 20. Daga nan ne mafi kyawun aikinsa ya fara. Ranar 5 ga Fabrairu 2006 Pittsburgh ta doke Seattle 21 da 10 a Super Bowl. A ina aka yi wasan? A Detroit, garin da ya yi shekara 14 yana wasa bai ga kofi ba. Yana da shekara 68, a kakarsa ta 47, ya sa zoben zakaru na farko a yatsa.

A 2007 Cowher ya tafi, aka kawo sabon babban koci, Mike Tomlin, ɗan shekara 34. An haifi Tomlin a 1972, shekarar da LeBeau ya buga kakarsa ta ƙarshe. Shi ma Tomlin masanin tsaro ne, kuma salon da ya taso a ciki daban yake da na dattijon. Mutane suka zuba ido su ga wa zai kori wa. Yaron ya bar dattijo da tsarinsa bai rushe ba, dattijon kuma ya karɓi yaron a matsayin mai gida. Shekara 8 suka yi tare. Ku da kuka gaji shago ko garke daga hannun mahaifi, kuka tarar da tsohon yaron gida da ya fi ku sanin hanya, ga abin dubawa. Ku ma dattawan da aka ɗora wa ɗan cikinku a sama, ga naku.

Yadda yake tafiyar da yaransa ma abin ji ne. A sana'ar da aka san kociyoyi da ihu da zagi, shi an san shi da magana a hankali. 'Yan wasansa suna kiransa da laƙabin da ma'anarsa Baba Koci. Sun taɓa sayen riga mai lamba 44, irin wadda ya sa a Detroit, suka sanya ta su duka suka zo filin wasa don girmama shi. Kowace shekara gab da Kirsimeti yakan tara su ya karanta musu wata tsohuwar waƙar bikin da ka, ƙarti masu kilo 100 da ɗoriya su yi tsit suna saurare.

A kakar 2008 tsaron Pittsburgh ne na ɗaya a gasar, ba wanda ya kai su hana maki da hana cin fili. In aka raba, ƙasa da maki 14 ake ci musu a wasa. Cikin taurarinsu akwai Troy Polamalu da James Harrison. Shi Harrison ba ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya gama jami'a, kuma an sallame shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kafin ya samu gindin zama. Kun ga ya yi kama da wani.

Ranar 1 ga Fabrairu 2009, Super Bowl tsakanin Pittsburgh da Arizona. Saura daƙiƙa 18 a tafi hutun rabin lokaci, Pittsburgh na gaba 10 da 7, amma Arizona ta iso bakin layi, taku biyu ya rage mata. LeBeau ya ba da umarnin farmaki, Harrison na cikin waɗanda za su kutsa. Shi kuwa da ya duba, ya ga ba zai isa madugu Kurt Warner kafin ya jefa ba. Sai ya yi taku kamar zai shiga, ya ja da baya. Warner ya jefa inda yake zaton babu kowa, ƙwallo ta faɗa hannun Harrison. Ya kwasa da gudu, 'yan'uwansa na share masa hanya, tun daga wannan ƙarshen fili har wancan, yadi 100 cif, turmi 16 da yadi 4 ɗin nan. Ya faɗi a kan layi ya kasa tashi don gajiya. Maimakon a tafi hutu Arizona na gaba, aka tafi Pittsburgh na da 17, Arizona 7.

Ku duba abin da ya faru a nan. Yaro ya saɓa umarnin da aka ba shi, amma da karatun malaminsa ya saɓa, don abin da ya yi shi ne ainihin dabarar da dattijon ya shekara 20 yana koyarwa. LeBeau bai ce an raina shi ba, yabonsa ya yi a bainar jama'a. Wanda ya koya wa yaro umarni kawai, dole ya tsaya a kansa kullum. Wanda ya koya masa dalili, zai iya tura shi daji da shanu ya kwanta ya yi barci.

Amma kada in yi muku ado. A wannan wasa dai, saura ƙasa da minti 3, Larry Fitzgerald na Arizona ya tsaga tsakiyar tsaron nan na ɗaya, ya yi gudun yadi 64, Arizona ta wuce gaba 23 da 20. Abin da ya faru a 1989 ya so ya maimaita kansa. Wannan karon 'yan hari ne suka cece su, Santonio Holmes ya cafke ƙwallo a kusurwar fili saura daƙiƙa 35, aka tashi 27 da 23. Ba tsaron da ba a ketawa, kuma mai tsaro ma yana da ranar da sai wani ya rufa masa asiri.

A watan Agusta 2010 aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan da ke garin Canton a jiharsa ta Ohio, saboda wasan da ya yi a Detroit, shekara 38 bayan ya ajiye. 'Yan wasan Pittsburgh suka bar sansanin atisaye suka shiga motoci suka je don su shaida. Bayan wata 6 suka sake kai wa Super Bowl, Green Bay ta doke su 31 da 25. Jimilla sau 6 ya je wasan ƙarshe yana koci, ya ci 2, ya rasa 4.

Komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Yaransa na Pittsburgh suka tsufa, ƙafa ta yi nauyi. Dokokin wasan suka ƙara karkata ga masu jifa, madugai kuma suka yi karatun dabararsa, suka koyi baza mutanensu a faɗin fili su saki ƙwallo da wuri. Tsaron ya ja baya. A Janairun 2015 ya rabu da Pittsburgh yana da shekara 77, ya kuma faɗa a fili cewa aikin nan ya ajiye, sana'ar bai ajiye ba. Ya tafi Tennessee Titans ya ƙara shekara 3. A kakarsa ta ƙarshe sun kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, suka doke Kansas City 22 da 21, sannan New England ta Tom Brady ta fitar da su 35 da 14 a Janairun 2018. Aka canza babban koci, sabon ya zo da mutanensa. Dattijo na da shekara 80. Haka aikin ya ƙare, ba kiɗa ba guɗa.

Jama'a, in kun manta sunayen garuruwan nan da alƙaluman, ba laifi. Ku riƙe 5 da 3 da 3. Duk wanda zai kai farmaki, ko a kasuwa ne da ya ji kaya sun yi araha a ƙetare, ko a daji da aka ce ga ciyawa can gaba, ya tambayi kansa wa ya bari a baya, da me ya bari. Kada jari duka ya hau mota ɗaya, kada samari duka su bi kura ɗaya. Sannan ku tuna an sallami mutumin nan yana ɗan shekara 21 zuwa 22, an sake sallamarsa yana da 65, kuma zobensa biyu duk bayan nan ya same su, yana aiki a ƙarƙashin waɗanda ya girma.

In a rugarku ko a kasuwarku akwai dattijon da ya faɗi ya tashi ta irin wannan hanya, ku aiko mana da labarinsa ba tare da ambaton suna ba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na kan hanya Allah ya sauke ku lafiya, na daji Allah ya tsare ku da dukiyarku. Sai wani makon, wassalamu alaikum.